Shekarar da Babanku Ya Tsayar da Jirgi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mini kwana har na ga jikokina suna yi mini gardama. Ban yi niyyar sa wannan labari a littafin nan ba, don na ɗauka kun san shi. Sai ranar da muka buɗe akwatin babanku, Allah ya jiƙansa, bayan an yi sadakar arba'in, kuka ci karo da wata takarda mai hatimi a naɗe cikin leda. Ke Hadiza kika karanta ta da Turanci, sannan kika fassara wa 'yan'uwanki da muryar nan da kike gaya wa majinyata sakamakon gwaji a asibiti: an kore shi daga aikin jirgin ƙasa saboda ya tsayar da jirgi sau goma sha bakwai ba tare da dalili ba. Na ga yadda fuskokinku suka sauya. Yayanku, wanda ba na kama sunansa tunda shi ne na fari, ya ninke takardar ya tura ta ƙarƙashin kaya, ya ce kada yara su gani. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma cikin takaba, ga baƙi cike da ɗaki, dariya ta taso mini ba shiri, sai na cusa mayafi a baki. Kuka ɗauka kuka nake yi, har kuna ba ni haƙuri. To yau zan gaya muku abin da ya ba ni dariya.

Kun sha jin ina cewa "mu 'yan Tanki", ba ku taɓa ganin Tankin ba. Garinmu ba shi da ganuwa, ba shi da labarin yaƙi, ba wani maharbi da ya fara sare dajinsa. Ƙishirwar jirgi ce ta kafa shi. Jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya, kuma idan ya baro Zariya ya nufi arewa maso yamma, kafin ya kai babbar tasha ta gaba sai cikinsa ya bushe. Masu shimfiɗa layin dogo suka tarar da wani rafi da ba ya ƙafewa ko da bazara, kusa da burtalin da Fulani ke bi da shanu, suka kafa ƙaton tanki a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, suka ajiye mutum ɗaya ya riƙa tayar da famfo. Mutumin nan kakana ne, kuma bayansa babana ya gaje shi. Tunda jirgi na tsayawa shan ruwa, fasinja na sauka miƙe ƙafa, sai mai shayi ya zo ya kafa tebur. Mata suka fara kawo dafaffen ƙwai da fura. Leburorin layi suka yi bukkoki, masu awon gyaɗa da auduga suka gina rumfuna, aka yi masallaci, aka yi ɗan coci na kwano a bayan kasuwa. Akwai Zazzagawa, da Katsinawa, da Nufawa, da Yarabawa, da Ibo, kowa da harshen da yake zagin akuyarsa da shi. Idan ka tambayi ɗan Tanki asalinsa, sai ya nuna maka layin dogo ya ce ta nan muka zo.

Ba mu san agogo ba. Jirgin fasinja na iso mana da hantsi, na kaya kuma da la'asar, shi ke nan rana ta rabu. Ko ladanmu, Allah ya gafarta masa, sai ya ji kukan jirgi yake leƙawa ya duba inuwa.

Amma abin da ya bambanta mu da kowace tasha shi ne ruwan jego. A ko'ina mai jego na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kuma mijinta tun ciki na wata bakwai yake fara jibge itace. Mu a Tanki ba mai tara itacen jego. Ranar da mace ta sauka, ungozoma za ta ɗaura farin ƙyalle a reshen tsamiyar da ke kwanar layi, kafin a shigo gari. Direba na hango shi zai yi kuka sau uku, gari ya ɗauki guɗa. Yana tsayawa a ƙarƙashin tanki, yayin da ake ɗura wa jirgi ruwan sanyi ta sama, sai ya buɗe wani bututu a gefen kan jirgin, tafasasshen ruwa ya tsiyayo cikin garewani da tukwanen da mata suka jera. Ruwan na ɗan warin ƙarfe, kuma tsofaffinmu sun rantse ya fi na itace shiga ƙashi. Ba a biyan direba komai. Abin da yake da shi ɗaya ne: ranar suna, ƙafar gaba ta ragon tasa ce, ana kiranta ƙafar direba, kuma ko mahaifin jariri ba ya taɓa ta. Duk wanda aka haifa a Tanki, da ruwan jirgi aka gasa uwarsa, har da ni.

Na san abin da za ki ce, Hadiza. Kin faɗa mini ya fi sau ashirin cewa wankan nan mai zafi da kunun kanwa su ne ke kumbura mata, ba su ke warkar da su ba, shi ya sa da kika haihu kika sa ni sirka ruwa har ya zama na wanke kwano. Wataƙila gaskiyarki, ke kika yi karatun. Amma ki riƙe wannan a ranki har ƙarshen labarin: a lokacin, mu abin da muka sani shi ne macen da aka yanke wa wanka sanyi zai shige ta, ta kumbura, a yi jana'izarta kafin yaye. Mun ga an yi. Tsoronmu na gaske ne.

Direban da muka fi so shi ne Baba Lahadi. Mutumin kudu maso gabas ne, Kirista, sunansa na yanka Sande, mu muka mayar da shi Lahadi ya kuma amsa. Gajere ne kakkaura, muryarsa ta fi ta jirgin. Tun yana mai zuba kwal a wuta yake bin layinmu, shi ya buɗe bututun da aka yi wa Innata wankan haihuwata, don haka 'yata yake ce mini. Shekarun da ƙasa ta rikice ya tafi gida, muka cire rai da shi. Ranar da ya sake bayyana a kan jirgi, ya rame, gashinsa ya yi fari, mata suka watsar da tallarsu suka yi kansa da guɗa, shi kuwa yana share fuska da tsumman baƙin mai yana cewa hayaƙi ne ya shigar masa ido.

Babanku ya zo Tanki daga Zariya yana saurayi, siriri, ba ya son magana, da kakinsa da tutocinsa biyu, ja da koriya. Aikinsa tsaron wurin da burtali ya ratsa layi: in hanya lafiya ya ɗaga koriya, in akwai abu a kan layi ya ɗaga ja, kuma jar tuta ba direban da ya isa ya wuce ta. Halinsa kun san shi, ba ya ƙarya ko ta wasa. Ranar farko da aka kai masa tuwo a zauren gidanmu, babana ya tambaye shi yaya miyar, ya ce, "Alhamdu lillahi, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa." Inna na jinsa ta bayan zana. Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa da kyau, amma ita ce ta ce a ba shi ni, wai mutumin da bai iya yabon miya ba, ba zai iya yaudarar mace ba.

Na haifi yayanku a tsakiyar damina, a ɗakin Inna, tunda haihuwar fari a gida ake yi. Gidanmu na jikin tanki, ta ɓular zana ina ganin duk abin da ke faruwa a tasha. Aka ɗaura ƙyalle, jirgi ya yi kuka uku, aka yi suna, Baba Lahadi ya karɓi ƙafarsa. Ina kwana goma sha takwas takarda ta iso daga ofis. An kawo sabon kan jirgi mai shan dizal, ba ruwansa da tanki, saboda haka na fasinja ba zai ƙara tsayawa ba. Na kaya yana nan da kwal ɗinsa da Baba Lahadi a kansa, yau ya hau gobe ya gangaro, amma an ƙulla masa tarago guda na ruwa, shi ma wucewa zai riƙa yi. Aka ɗauke shugaban tasha. Babana ya kashe famfo, ya rataye makulli a ƙusa, ya zauna a zaure. Ma'aikaci ɗaya aka bari a garin, mai tuta, saboda shanu.

Washegari da hantsi muka ji wani irin gurnani da ba mu saba ba, jirgi ya ratsa mu kamar bai taɓa saninmu ba. Mata na tsaye da ƙwai da fura a ka, fasinja na kallonsu ta taga har suka ɓace. Manya na ta maganar makomar gari, Inna kuwa maganarta ɗaya ce, saura kwana ashirin da biyu. Ga marka ta sauka, rana ba ta leƙowa, duk itacen garin a jiƙe yake sharkaf, kuma na gaya muku ba mai ajiyar manyan gungume. Maƙwabta suka tattaro karan da ke rufin rumfunansu, wani ya kawo tsohon turmi aka faskare. Da ƙyar ake samun na safe ya yi zafi, na yamma kuwa hayaƙi ne da ruwa mai ɗumi-ɗumi. A rana ta uku ƙafafuna suka fara hawa. Inna ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar.

Da babanku ya zo gaisuwa ya durƙusa a zaure kamar kullum, sai ta tsaya a bayan zana, tunda suruki ba a haɗa ido da shi, ta yi magana kamar da iska take.

"A gaya wa mai tuta, 'yar mutane ƙafafunta sun fara hawa. Ga ruwa na wucewa ta ƙofar gida kullum la'asar, ga tuta a hannunsa."

Ya ce, "Inna, jar tuta ba a ɗaga ta sai da abu a kan layi. In na ɗaga babu komai, na yi ƙarya ke nan."

"To in akwai abu fa?"

"In akwai abu, dole na ɗaga."

"Madalla. A kira mini Jauro."

Jauro shi ne shugaban Fulanin da ke zaune a bakin burtali, kuma matansa biyu da ruwan jirgi suka yi jego. Bai bari an gama bayani ba ya ce yana da saniya guda, fara, mai karyayyen ƙaho ɗaya, wadda ba ta tsoron komai a duniya, ko aradu ce ta faɗi ba ta daina tuƙa. Ita kaɗai zai iya bayarwa, sauran suna jin kukan jirgi za su watse.

Kafin la'asar babanku ya nemi a bar shi ya leƙo ni. Na ce masa kada ya yi. Na tuna masa aikin nan shi ne gidanmu, shi ne tuwonmu, ga jariri. Ya ce ya sani, kuma ya san saniyar gaskiya ce amma niyyar ba a ɓoye take wa Allah ba, saboda haka duk ranar da aka tambaye shi zai faɗi yadda aka yi. Na ce to ai shi ke nan an kore ka. Ya matso kusa. Ya ce in miƙo ƙafata, ya danna da babban yatsansa, muka zuba wa lotsin ido tare. Ya tashi ya ɗauki jar tuta.

Ina leƙe ta ɓular zana aka jawo saniyar aka tsayar da ita a tsakiyar layi, aka ajiye mata ƙwaryar dusa. Jirgi ya karyo kwana, babanku ya miƙe ƙyam ya ɗaga ja. Ƙarfe ya yi ƙara, tururi ya turnuƙe, jirgi ya tsaya. Baba Lahadi ya leƙo ya daka tsawa.

"Isiyaku! Mene ne a kan layi?"

Alƙalami ne ya kama sunan nan, ba ni ba.

"Saniya ce, Baba."

Baba Lahadi ya dubi saniya, ya dubi ƙwaryar dusa, ya dubi mata takwas da suka fito daga bayan rumfa kowace da garwa, Inna a gaba. Sai ya tuntsire da dariya har yana dukan ƙarfen jirgi.

"Lallai babbar saniya ce. Irin wannan ba ta tashi da wuri. Ku matso da garewanin, ku yi a hankali, yana ƙuna!"

Yammacin nan na sha dukan ganyen darbejiya da ruwan jirgi har na yi ihu, Inna na tsoma ganye tana fyaɗa mini tana hamdala. Haka aka ci gaba kullum. Abin ya zama bikin gari. Mutanen da suka wayi gari ba su san abin da za su yi da kansu ba, suka sami abin jira. Tun azahar yara ke zuwa rugar Jauro su rako saniyar da waƙa, har suka sa mata suna Amarya, don kullum da 'yan rakiya take tafe. Masu fura suka dawo suna sayar wa ma'aikatan jirgin. Kumburin ƙafata ya fara saɓewa, ko don ruwan ne ko don dariya, Allah ya bar wa kansa sani. Ba a yi mako biyu ba Amarya ta gane aikinta. Tana jin kukan jirgi daga nesa sai ta bar garke, ta taho da kanta, ta hau layi ta tsaya tana jiran dusa.

Kuskurenmu ɗaya ne, kuma babu wanda ya hango shi a garin kaf. A taragon ƙarshe akwai gadin jirgi mai littafi, wanda dole ya rubuta dalilin kowace tsayawa, shi ma mutum ne mai tsoron Allah, abin da ya gani yake rubutawa. Kullum sai ya rubuta: farar saniya mai karyayyen ƙaho. Mu a tunaninmu hakan ya fi, ai ba a yi wa kowa ƙarya ba. Ba wanda ya tuna cewa a Zariya akwai mai karanta littafin, kuma zai yi mamakin saniyar da ta fi ma'aikata zuwa aiki a kan lokaci.

Ranar da na cika kwana talatin da takwas, jirgi na tsayawa sai ga wani mutum ya sauko daga taragon gadi, da gogaggen kaki da takalmi mai sheƙi. Sufeto ne. Guɗar mata ta yanke. Ya zagaya Amarya, ya duba ƙahon, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Sannan ya tsaya gaban babanku.

"Malam, wa ya ɗora saniyar nan a kan layi?"

"Yau ita ta hau da kanta, ranka ya daɗe. Kwanakin farko mu muka ɗora ta."

Jauro ya yi wuf ya shiga tsakani, ya ce shi ne mai laifi, dabba ce ta fi ƙarfinsa. Sufeton ya ɗaga masa hannu. Ba mugun mutum ba ne, na ga haka a fuskarsa. Ya rage murya, amma tashar ta yi tsit har ina jinsa daga bayan zana.

"Ka saurare ni da kyau. Ka ce ba ka san yadda take zuwa ba, in rubuta maka gargaɗi, in koma. Kalma ɗaya ce."

Wallahi na so in ƙwalla masa kira in ce ya faɗa. Na rungume yayanku ina cewa a zuciyata, ka ce ba ka sani ba, bawan Allah, sau ɗaya dai a rayuwarka.

"Na sani, ranka ya daɗe. Matata ce ke jego, ruwan zafi muke ɗiba. Saura kwana biyu. In da hali a bar mini tutar zuwa jibi."

Sufeton ya ce ba shi da wannan ikon. Ya karɓi tutocin biyu, da hula, da fitilar hannu. Babanku ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kai ba hula a gaban garin duka, ni kuwa na kifa fuska a zana na yi kuka mai isata. Amma da sufeton ya gama rubutunsa, sai ya juya wa kan jirgin baya, ya ɗaga kai yana nazarin tanki kamar an aiko shi ƙirga ƙusoshinsa. Bai juyo ba sai da garwar ƙarshe ta cika.

Washegari ba tuta, kuma Jauro ya ɗaure Amarya da igiya biyu don kada jirgi ya bi ta kanta. Tana ta kuka daga ruga. Duk da haka Inna ta ce a fitar da garewani. Babana ya ce mata wahalar banza za a yi, ta ce ai ba a kansa za a ɗauka ba. La'asar ta yi, muka ji jirgi a kwana. Ya yi kuka ɗaya, ya yi na biyu, ya yi na uku. Layi fayau, ba saniya, ba mai tuta, sai ga shi yana rage gudu har ya tsaya daidai ƙarƙashin tanki, inda ya saba tsayawa tun kafin a haife ni. Gadi ya taho da littafinsa yana tambaya me zai rubuta.

Baba Lahadi ya ce, "Rubuta, direba ya tsaya don kansa. Ka sa sunana da manyan baƙi. 'Yata ba za ta yi talatin da tara ta rasa arba'in ba."

Ranar arba'in kowa ya fito, har da waɗanda suka riga suka ɗaure kayansu. Na yi wankan ƙarshe, na ci ado, na fito da ƙafafuna biyu sumul cikin takalmi. Aka yi kiɗan ƙwarya a kan dandamalin tasha, masu coci suka kawo nasu gangunan, Jauro ya aiko da ƙwarya uku ta nono. Babanku na tsaye a gefe cikin 'yar shara, yana murmushin nan nasa da ba ya buɗe haƙori. Baba Lahadi ya karɓi jaririn ya ɗaga shi sama a kan jirgi, ya ja igiyar kuka, yaro ya tsala ihu ya kuma jiƙe masa kaki da fitsari. Wannan mai gemun da ke ɓoye takarda, shi ne. Ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da na sauka a Makka. Wannan ce tsayawar ƙarshe da jirgi ya yi a Tanki.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci mu. Takardar kora ta iso, aka karɓe gidan ma'aikata. Baba Lahadi aka sauke shi daga layi, aka mayar da shi jan tarago a cikin yadin jirgi na Zariya har ya yi ritaya. Kafin kaka ta ƙare muka ɗora kayanmu a motar gyaɗa muka sauka a nan Tudun Wada, ɗaki ɗaya na haya mai yoyo. Babanku ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya yana gyaran fitila da risho, abin da ya koya wajen kula da fitilun layi, ni ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Akwai ranakun da na yi masa gori, Allah ya yafe mini, na ce da ya faɗi kalma ɗaya da yanzu muna gidan siminti. Bai taɓa ramawa ba. A hankali mutanen unguwa suka gane akwai mai gyaran da idan abu ba zai gyaru ba zai ce maka ba zai gyaru ba, buhu ya zama tebur, tebur ya zama shagon da kuka tashi kuka gani. 'Yan Tanki kuwa suka yi ta biyo mu, wasu nan, wasu Tudun Jukun, wasu Kwangila, har Inna da babana. Amarya ma sai da Jauro ya yi ƙaura da ita, don ta ƙi daina hawa layi.

Yanzu kun gane tsohon nan mai ƙatuwar murya da ke zuwa kowane suna a gidan nan ya tafi da ƙafar rago, kuna ƙunƙuni wai baƙo ya kwashe mai kyau. Kun kuma gane abin da ya sa har yau, bayan rasuwarsa, nake aika ƙafar zuwa Kwangila wurin 'yar cikinsa. Kada ku daina bayan raina.

Shekara biyu kafin rasuwar babanku muka ce bari mu je mu gano garin, mu biyu, ba mu gaya muku ba don za ku hana. Mota ta ajiye mu a bakin titi, acaɓa ya ƙarasa da mu. Tankin babu, 'yan gwangwan sun kwance shi, sai ƙafafun huɗu a tsaye. An shuka masara a kan dandamalin da muka yi rawa. Gamba ta rufe layi, masallaci ya zama tudun ƙasa, na nemi inda ɗakin Inna yake na kasa ganewa. Tsamiyar kwana ce kaɗai ta ƙara girma, shanu kuma na ratsa burtalinsu ba mai tsayar da kowa. Na ɗauka zan yi kuka, sai na ga babanku ya dogara sanda ya je daidai inda yake tsayawa, ya miƙe ƙyam ya ɗaga hannu. Dariya ta kama ni har na zauna a kan ƙarfen layi. Da na huce na tambaye shi abin da na shekara hamsin ina son tambaya, ko ya taɓa yin da-na-sani. Na san duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa na daɗe ina tsoron tambayar.

Ya ce, "Na yi kewar kakin, na yi kewar layin. Amma da-na-sani, a'a."

Na ce, "Hadiza fa ta ce ruwan ba shi ya warkar da ni ba."

Ya ce, "Ko shi ne ko ba shi ba ne, ni dai na ɗaga tuta, ke kuma kin tashi."

Saboda haka ku ciro takardar nan daga ƙarƙashin kaya. A kai ta wurin mai gilashi a sa mata katako, a rataye ta a falo inda kowane jika zai gani, kuma kai na fari, kai za ka buga ƙusar. Duk abin da ke cikinta gaskiya ne, sau goma sha bakwai ɗin ma daidai ne, na ƙirga su ta ɓular zana. Wuri ɗaya kawai mai rubutun ya kuskure, inda ya ce ba tare da dalili ba. Duk yaron da ya karanta ya tambaya, ku turo shi ɗakina. Ni ce dalilin, ina nan da raina, gwiwa ce kawai ke damuna.